Ƙulafucin Umair

Akwai wani gida a unguwar Gwammaja, cikin birnin Kano, wanda in ka shiga soronsa za ka fara cin karo da wani ɗan ɗaki a hannun dama kafin ka kai tsakar gida. A ɗakin nan wata dattijuwa take zaune, ana ce mata Inna Hajo.

Ba 'yar gidan ba ce. Mutuniyar ƙauye ce da mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, ta shigo birni tana yi wa mutane wankau da surfe. Mahaifiyar maigidan ce ta ba ta ɗakin tun tana raye, ta ce ta zauna iya rayuwarta. Da Hajiyar ta rasu, gidan ya koma hannun ɗanta Haruna, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda rabin rayuwarsa a hanyar Legas yake yin ta.

Matar Haruna sunanta Sa'ida. Ma'aikaciyar banki ce, mace mai ƙoƙari da tsafta, ga kuma son a ce ta iya. Da sassafe take fita, ba ta dawowa sai ana shirin kiran magariba.

Da Allah ya ba su ɗa namiji suka sa masa suna Umair. Hutun haihuwa na ƙarewa Sa'ida ta rasa yadda za ta yi da shi. Tana zaune ta yi tagumi Inna Hajo ta leƙo ta ce, "Maman Umair, bar min shi ki tafi aikinki. Me nake yi da bayan nan nawa?"

A bayan nan Umair ya girma. A nan ya yi haƙori, a nan ya yi ƙyanda, a gaban ɗakinta ya fara takawa. Da ya shekara uku aka sa shi a wata makarantar nazare da ke bayan layinsu, nan ma Inna Hajo ce mai kaiwa da ɗaukowa, jakarsa a kafaɗarta, kwanon abincinsa a hannunta. Sa'ida yake kira Mami, ita kuma Inna.

Sa'ida tana son ɗanta, wannan ba mai musu. Duk wahalar da take sha a wurin aiki dominsa take sha. Sai dai galibi in ta dawo ya yi barci, in za ta fita bai tashi ba.

A ƙarshen zangon karatu, damina ta kankama, makarantar ta shirya bikin karrama iyaye mata da masu raino. Malamar ajinsu, Malama Sumayya, ta koya wa yaran yin fure da takarda mai launi, ta ce ranar bikin kowa zai kai wa wadda take kula da shi.

Sa'ida ta nemi izini a ofis, ta ci ado da leshi, ta samu kujera a layin gaba cikin manyan mata. Inna Hajo kuwa a can baya ta tsaya, jikin ƙofa, riƙe da gorar ruwan Umair.

Aka fara kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro ya ruga ya miƙa wa uwarsa fure, a yi tafi. Da aka kira Umair, Sa'ida ta ɗaga waya ta fara ɗaukar bidiyo, ta buɗe ɗaya hannun tana murmushi.

Yaron ya zo daidai inda take, ya yi mata dariya, ya wuce.

Ya ratsa tsakanin kujeru har can baya, ya ɗaga furen da hannu biyu ya ce, "Inna, ungo."

Wurin ya ɗauki tafi da dariya. Malama Sumayya ta ce, "Masha Allah, a tafa wa Inna." Matar da ke kusa da Sa'ida ta sunkuyo ta ce mata ƙasa-ƙasa, "Haka abin yake, 'yar'uwa. Yaro mai goyonsa ya sani."

Sa'ida ta sauke wayar. Ji take kamar duk matan wurin ita suke kallo. Ta daure har aka tashi, amma zuciyarta tafasa take.

A bakin ƙofar makarantar, gaban iyayen yara da masu adaidaita, ta tsaya ta ce, "Hajo."

Ba ta taɓa kiran sunanta gatsal ba sai ranar.

"Na'am, Maman Umair."

"Me kike ba ɗana?"

Tsohuwar ba ta gane ba da farko. Da ta gane sai jikinta ya yi sanyi. Ta miƙo furen ta ce, "Yaro ne, bai san komai ba. Wanda yake gani kullum shi yake bi. Ungo, ai naki ne."

Sa'ida ta buge hannun, furen ya faɗa cikin taɓo.

"Wadda ba ta san zafin naƙuda ba ita ce za ta raba ni da ɗana? Na gode da rainon. Kafin na dawo daga aiki gobe ki san inda dare ya yi miki."

 Inna Hajo ta rataya wa Sa'ida jakar yaron a hannu, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki."

Washegari da Sa'ida ta dawo ta tarar da ɗakin soro a share tas, mukulli a jikin ƙofa. Kayan Umair da aka wanke suna ninke a kan tabarma. Haruna kuwa yana Legas, bai san wainar da ake toyawa ba.

Makaranta ta yi hutu, ita ma Sa'ida ta ɗauki hutu a wurin aiki, da niyyar ta nuna wa kowa cewa ita ce uwa.

Da farko Umair kuka ya yi ta yi, yana zagaya gida yana kiran Inna. Sa'ida ta ce zai manta, ai yaro ne. Ta sayo masa mota mai batir, ta sayo biskit da alewa kala-kala. Ya kalle su ya kau da kai.

Sai ya koma zaman ƙofar ɗakin soro. Da gari ya waye zai je ya zauna a dokin ƙofar, ya jingina kansa da katako. In ta ɗauko shi ya koma. In ta kai masa cokali baki ya datse haƙora. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta taɓa ɗaga hannu ta sauke. Abin da yake shiga cikinsa bai wuce ruwa da ɗan shayi ba.

Da Haruna ya dawo ya ga yadda yaron ya zube, ya tambayi Inna Hajo. Sa'ida ta ce ta tafi ƙauye ganin dangi.

Ya ce, "Inna Hajo tana da dangin da take zuwa gani?"

Ta ce ita dai haka ta ce mata.

Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron. Jikin da ba abinci a cikinsa, nan da nan ya kwantar da shi. Suka kwashe shi sai asibiti, aka ba su gado, aka sa masa ƙarin ruwa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Zazzaɓin ya fara sauka, amma yaron bai tashi ba. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, wuyansa kamar a murɗe. Sa'ida ta daina barci, ta daina wanka sai an yi mata magana. Ta kawo kunu, ta kawo shayi, ta kawo romo. Ko ta samu ta ɗura masa, sai ya bar shi ya zubo ta gefen baki.

Wata safiya likita ta zo zagaye, ta duba shi, ta daɗe tana neman jijiyar da za ta mayar da allurar ruwan. Sannan ta dubi iyayen ta ce, "Maganin yana aiki, amma yaron nan ba ya taimakonmu. Ruwan da muke ƙara masa ba abinci ba ne. Jijiyoyinsa sun fara ɓuya. In aka ci gaba a haka sai mun sa masa roba ta hanci, kuma gaskiya jikinsa ya yi rauni ƙwarai."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Wace ce Inna? Nas ta ce ko cikin barci sunan da yake kira ke nan."

Likitar ta dubi Sa'ida ta ci gaba.

"In tana raye ku kawo ta. Na sha ganin ƙulafuci ya kwantar da yaro fiye da ciwo."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita na fita Sa'ida ta durƙusa a gefen gadon ta gaya wa mijinta komai, har maganar naƙudar ba ta rage ba.

 Haruna ya ce, "Ɗakin da Hajiya ta ba ta da bakinta?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yanzu ba lokacin magana ba ne. Ni zan zauna da shi. Ki je ki nemo ta, tunda ke kika san ƙofar da kika fitar da ita."

Sai da ta shiga adaidaita, mai mashin ya ce, "Hajiya, ina muka nufa?" sannan ta gane ba ta da amsa. Matar da ta goya mata ɗa shekara uku, ba ta san sunan garinsu ba. Ba ta san ko mutum ɗaya nata ba. Inna Hajo ba ta da waya, kuma Sa'ida ba ta taɓa zama ta tambaye ta daga ina ta fito ba.

Ta ce ya kai ta Gwammaja.

Ta fara da maƙwabciyarsu Hasana, mai sayar da koko, wadda suke hira da Inna Hajo kullum. Ta same ta tana wanke ƙwarya. Hasana ta amsa sallamar ba tare da ta ɗago ba.

"Don Allah Hasana, ko kin san inda Inna ta tafi?"

"Yanzu ne ake nemanta?"

"Umair ne. Yana asibiti, ya ƙi cin komai. Likita ta ce..." 

Hasana ta ajiye ƙwaryar ta dube ta. Ta ga fuskar da ba kwalliya, ta ga mayafi a karkace, ta ga idanu sun kumbura. Ta sassauta murya.

"Na ga fitarta, da ƙullin kaya a ka. Na ce Inna ina zuwa, ta ce inda Allah ya nufa. Ko sunanki ba ta kama ba. Daga baya wata ta ce min ta gan ta tana wanke-wanke wurin wata mai abinci a Ƙofar Mazugal. Iyakar sanina ke nan."

Sa'ida ta kama hanya. Masu abinci a wurin ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Ta bi su rumfa-rumfa tana kwatance: tsohuwa ce, siririya, mai tsagar gado a kumatu, ba ta da yawan magana. Wata ta ce ba ta sani ba. Wata ta ce tsofaffi masu neman wanke-wanke ai sun fi a ƙirga. Wani mai cin abinci ya ɗauka bara take, har ya sa hannu a aljihu.

A rumfar ƙarshe mai abincin ta ce, "Hajo? Wadda in ta ga yaro ɗan makaranta sai ta tsaya da kwano a hannu tana kallonsa?"

Sa'ida ta dafa ƙarfen rumfar. "Ita ce."

"Ta yi min aiki kwana biyu, sai ta daina zuwa, ban san dalili ba. Wata 'yar garinsu ce ta kawo min ita, Mero mai daddawa. A unguwar Sheshe take. Gidan kam ban sani ba."

Lokacin hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu kamar magariba alhali azahar ba ta daɗe da wucewa ba. Mai adaidaita ya sauke ta a bakin wani lungu ya ce, "Hajiya, daga nan sai ƙafa. Ko mashin da ƙyar yake shiga."

Duk wanda ya san Sheshe ya san lungunanta. Wannan ya shige wancan, wancan ya ɓulle wani, wani kuma ka bi shi ya kai ka ƙofar gidan mutane ya tsaya. Sa'ida a birnin aka haife ta, amma rabonta da irin lungunan nan tun tana 'yar Islamiyya.

Ta fara sallama gida-gida. Aka nuna mata gidan wata Mero, ta shiga ta tarar mai kitso ce. Aka nuna mata wata, aka ce ai wannan ta rasu bara. Tana fitowa ruwa ya tsuge.

Ba ta fake ba. Kwatoci suka cika suka malalo, lungu ya koma rafi. Igiyar takalminta ta tsinke, ta cire ɗayan ma ta bar su a nan. Tana tafe tana kiran sunayen Allah, tana cewa, "Ya Allah kar ka kama yaron nan da laifina. Ni na yi, ba shi ba."

Wayarta ta yi ƙara. Haruna ne. Ta raɓe jikin wata katanga ta ɗauka.

"Kin same ta?"

"Ina Sheshe, ina nema. Yaya yake?"

Ya ce, "Ya daina kiran sunan ma. Ido kawai yake buɗewa ya rufe. Sa'ida, ki yi sauri."

 Ta durƙushe a cikin ruwan nan ta fashe da kuka, irin kukan da mutum yake yi in ya manta akwai masu kallo.

Wani dattijo da ya fake a ƙofar wani ƙaramin masallaci ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta gaya masa wadda take nema.

Ya ce, "Mai daddawa? Ai kin wuce ta. Koma baya, lungu na hagu, wanda bangon wani gida ya zube a ciki. Kina shiga hancinki zai kai ki."

Haka kuwa aka yi. Gida ne na ƙasa, ƙarami, gefe guda na katangarsa ya rushe an kare da buhuna. Wata mata mai jiki tana tare ruwa da bokiti a bakin rumfa. Ta dubi Sa'ida tun daga ƙafafunta masu taɓo har zuwa kanta.

"Ke ce Mero? Don Allah Inna Hajo nake nema."

"Ke ce uwar yaron?"

"Ni ce."

Mero ta ajiye bokitin ta tsaya a gabanta. "To ki koma inda kika fito. Kin ga bangon can? Ɗakin girkina ne, a nan take kwana don ba ni da wani wurin. Ruwan da aka yi kwanaki ya zubo mata da bangon a ƙafa, ƙashi ya karye. Mai ɗori ya ce ko taka ƙasa kar ta yi. Da tana ɗakinta da wannan bai same ta ba. Babu inda za ta."



Sai wata murya ta fito daga cikin ɗaki, a raunane. "Mero, wace ce? Kamar muryar Maman Umair nake ji."

Kafin wani ya amsa muryar ta sake cewa, "Me ya samu Umair?"

Sa'ida ta shiga da rarrafe. Inna Hajo tana kwance a kan tabarma, ƙafarta ɗaya a ɗaure da karare da tsumma. Ta rame har Sa'ida ta so ta kasa gane ta.

"Inna, na cuce ki. Inna, ki dubi girman Allah..."

"Bar wannan. Yaushe rabonsa da abinci?"

"Tun tafiyarki bai ci na kirki ba. Yana asibiti. Yau ko magana ba ya yi."

Tsohuwar ta runtse ido. Sannan ta dafa ƙasa ta yunƙura ta zauna, zufa na karyo mata.

"Mero, miƙo min mayafina. Ki dama min kunun tsamiya, kar ya yi kauri."

Mero ta ce, "Hajo, kina da hankali kuwa? In ɗorin nan ya goce kin gama tafiya daidai har abada. A kan matar da ta yi miki gorin haihuwa a bainar jama'a?"

"Ba wurinta za ni ba. Dama kunun."

Mero ta dama tana ƙunƙuni, ta juye a fulas. Sai aka tsaya cirko-cirko. Abin hawa ba ya shigowa lungun, mazan gidajen duk suna kasuwa, ruwa kuma bai tsaya ba.

Sa'ida ta dubi wayarta, ta dubi tsohuwar. Ta ce, "Mero, ara min zani."

Ta juya baya ta durƙusa. "Hau, Inna."

"Haba 'yar nan, ya za a yi..."

"Don Allah ki hau."

Mero ta taimaka aka ɗora ta, Sa'ida ta ja zanin ta ɗaure tamau a ƙirji. Da ta miƙe sai gabanta ya faɗi, don nauyin da ta zata ba shi ta ji ba. Tsohuwar ba ta fi wata yarinya nauyi ba. Ashe ba Umair kaɗai ne ya daina cin abinci ba.

Suka fito. Sa'ida a gaba ba takalmi, ruwa har idon sawu, Mero a baya ta tallafe ƙafar da ta karye da hannu ɗaya, fulas a ɗaya hannun. Mata suna leƙowa daga soraye suna kallo. Duk takun da Sa'ida ta yi sai ta ji tsohuwar ta cije baki ta ƙanƙame kafaɗarta, amma ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Abin da kawai take cewa shi ne, "Bi a hankali, akwai kwata a gabanki."

Wani abu ya yanki Sa'ida a tafin ƙafa, ba ta tsaya dubawa ba. Bayanta ya riƙe, numfashinta ya yi sama, ta ci gaba har suka ɓulla titi.

A asibiti aka kawo keken marasa lafiya aka tura Inna Hajo har bakin gadon. Haruna ya miƙe tsaye, ya ga ƙafar, ya ga matarsa jiƙe sharkaf da taɓo har gwiwa, ya ce, "Sannu, Inna."

Umair yana kwance, ido a rufe, ƙirjinsa na ɗagawa a hankali.

Inna Hajo ta sa tafin hannunta a goshinsa.

"Maigida," ta ce, yadda ta saba tsokanarsa. "Haka za ka yi min? Daga na ɗan je unguwa sai ka yi yaji?"

Shiru.

"Maigida, buɗe ido. Ga Inna."

Fatar idon ta motsa. Ya buɗe su a hankali, ya tsaya yana kallonta kamar bai yarda ba. Sai leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Ya saki wani siririn kuka, ya ɗago hannun da ba allura yana miƙa mata.

Nas ɗin da ke tsaye ta ce, "Alhamdulillahi. Ku bar shi ya yi, kukan nan alheri ne."

Aka ɗora mata shi a cinya a hankali, gefen ƙafa mai lafiya. Ya cusa fuskarsa a jikin mayafinta, ya damƙe shi da 'yan yatsunsa. Ta yi ta shafa bayansa har kukan ya koma ajiyar zuciya.

Mero ta zuba kunu a kofi, ta miƙo da cokali. Inna Hajo ta karɓa, ta dubi Sa'ida da ta rakuɓe a jikin bango ta kasa matsowa.

"Maman Umair, zo. Hannuna rawa yake. Ke ba shi."

"Inna, ba zai karɓa a hannuna ba."

"Zo dai."

Ta matso ta durƙusa, ta ɗebo kunun ta kai bakinsa. Yaron ya kau da kai ya ƙara shigewa jikin tsohuwar. Hawaye ya zubo wa Sa'ida, ta fara janye hannu. Inna Hajo ta riƙe mata wuyan hannun.

"Maigida, ka ga Maminka? Ita ta goyo ni a bayanta cikin ruwa ta kawo ni wurinka. In ba ka sha nata ba, ni ma fushi zan yi."

Umair ya juyo ya dubi Inna, ya dubi uwarsa. Ya daɗe yana kallonta.

Sannan ya buɗe baki.

Ya haɗiye. Ta sake ɗebowa, ya sake buɗewa. Haruna ya juya ya fuskanci taga yana goge ido da hularsa.

Umair ya warke, aka sallame su, ya koma gudunsa da ɓarnarsa. Amma maganar Mero ta tabbata. Ɗorin ya goce a tafiyar nan, kuma duk da likitocin ƙashi sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙafar ba ta koma daidai ba. Inna Hajo ta dawo gidan Gwammaja da sanda, kuma ba ta sake goya yaro ba.

Wata rana da yamma Sa'ida tana shafa mata man zafi a ƙafar, ta ce, "Inna, har yau ba ki ce kin yafe min ba."

Tsohuwar ta ce, "Na yafe tun a ƙofar makarantar. Ke uwa ce, kishin ɗanki kika yi. Ni abin da ya hana ni barci, na tafi ban yi masa sallama ba."

Har yau, in Sa'ida ta ji ƙarar sandar nan a tsakar gida, ko me take yi sai ta ajiye ta tashi.

Darasi: Uwa uwa ce, ba mai ƙwace mata matsayinta. Amma duk hannun da ya goya maka ɗa, ya share masa hawaye lokacin da ba ka nan, ba abokin gaba ba ne, rahama ce Allah ya aiko maka. Kar fushin minti ɗaya ya sa ka wulaƙanta wanda ya yi maka hidimar shekaru, domin wani abin in ya karye ko an ɗora ba ya komawa daidai. Ku girmama iyaye mata, ku girmama kakanni, gwaggwanni, maƙwabta da masu rainon da ke tsaye a baya jikin ƙofa. In akwai wata Inna Hajo a rayuwarka, neme ta yau ka gode mata, sannan ka tura wannan labari ga wasu don su ma su tuna da tasu.